Akwatunan Siton Taki

Gawon Dabo, ta Bagwai
Oktoba, 1984

Zuwa ga Yaya Kofur Uwaisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hafsatu da yara. Mu ma lafiya lau, sai dai gero bai yi ba bana, dawa kuwa ta tsaya iya gwiwa ta bushe. Mun gode wa Allah.

Ni ce Rahmatu matar Iliyasu, jikar Goggo Furera, wadda take ciki ɗaya da kakanka na Kunci. Rabonmu da haɗuwa tun bikin Kamilu, ranar da ka ce ni ko alif ba zan taɓa iya ja ba. To na gama ajin yaƙi da jahilci, kuma da hannuna nake rubuta maka wannan, sai ka san inda za ka sa kunyarka.

Ba wasa ne ya sa na nemi adireshinka ba. Ka san siton taki na manoma da ke bayan gidanmu, wanda katanga ɗaya ce ta raba mu da shi. Tun bara ba a kawo taki ba, yana nan fayau. Ana tsakiyar damina sai ga manyan motocin soja sun shigo gari, har suka take wa Malam Tasi'u gyaɗa. Suka yini suna sauke akwatunan katako masu hannun igiya. Akwati ɗaya sai mutum biyu, suna tafe suna nishi. Mai gari Sama'ilu ya je ya gaishe da babbansu, ya tambayi mene ne a ciki. Ya ce masa, "Baba, kayan gwamnati ne. Kafin sallah za a zo a kwashe."

An bar sojoji biyu suna gadi. Yaya, tausayi suka ba ni. Ba a aiko musu da abinci, ɗayansu da waya ya ɗaure takalminsa. Mu muka riƙa zuba musu tuwo, mu da ba mu da shi. Sallah ta zo ta wuce, babu wanda ya leƙo. Wata safiya suka sa wa ƙofar kwaɗo, suka ce wa mai gari za su je su karɓo albashi su dawo. Har yau.

Kai ne namu a cikin kaki. Ka faɗa min abin da ake zubawa a irin waɗannan akwatuna, da wanda za mu gaya wa an manta da su. Inna Larai, uwar mijina, ɗakinta ne ya jingina da katangar, kuma a nan 'yata Sakinatu take kwana.

Ka gaida Hafsatu, ko da yake ba mu san juna ba.

Ƙanwarka,
Rahmatu

*

Bariki, nan Kurmi
Disamba, 1984

Zuwa ga ƙanwata Rahmatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni cikin ƙoshin lafiya, sai dai ta daɗe a hanya. Na karanta na yi ta dariya. Ashe ƙauyawa sun fara riƙe biro! Na janye maganata, amma baƙaƙenki suna tafiya kamar awaki sun ga kura.

Hafsatu tana amsawa. Ƙaramin yaronmu ya yi fama da tari, ya ji sauƙi. Ɗakin ne ba shi da kirki. Mu shida ne a ciki ɗaya, bango ya tsage tun daga sama har ƙasa, idan ana ruwa sai mun jera kwanoni. Kowace shekara a zo a auna a ce za a gyara. Labarin sojan da ya ɗaure takalmi da waya bai ba ni mamaki ba. Ni kaina kakin da ke jikina a kasuwa na saya, kuma motar da nake tuƙawa sai an tura take tashi.

Maganar akwatuna, ki kwantar da hankalinki. Abu mai haɗari ba a kai shi ƙauye a sa masa kwaɗo a tafi, wannan ko kurtu ya sani. Ina jin barguna ne ko tantuna, ko tsofaffin kayan gyaran mota da aka rasa inda za a zuba. Sojojin nan biyu kuwa yunwa ce ta kore su, Allah Ya sa kada a kama su.

Duk da haka, idan Iliyasu ya sami hanyar leƙawa ba tare da ya taɓa kwaɗon ba, ya duba launin akwatunan da irin zanen da ke jikinsu, ki rubuto min. Kada ya fasa ƙofa, don ranar da aka tuna da kayan shi za a fara kamawa.

Ki gaida Inna Larai da mai gida. In geron ya ƙare ki zo mu koya miki cin garin rogo.

Yayanki,
Uwaisu

*

Gawon Dabo
Fabrairu, 1985

Yaya Uwaisu,

Assalamu alaikum. Ina fata tarin yaro ya rabu da shi gaba ɗaya. Mu muna nan lafiya, sai Inna Larai da ke yawan ciwon kai.

Ba barguna ba ne.

Guguwa ta ɗage kwano ɗaya daga rufin siton, Iliyasu ya sa tsani ya hau don ya mayar. Da ya sauko sai ya zauna a bakin rijiya, na tambaye shi abin da ya gani. Ya ce gara ta cinye akwatunan ƙasa, na sama sun rufto sun fashe. A wasu akwai ƙarafa masu tsini, kaurin taɓarya, sun yi tsatsa. A wasu kuma akwai abubuwa kamar kyandir, an naɗe su da takarda mai ruwan ƙasa. Waɗannan su ne suka fi ba shi tsoro, don ya ce gumi suke yi. Wani maiƙo ne yake tsattsafowa daga jikinsu, ya jiƙa katakon, inda ya bushe kuma ya yi fari kamar kanwa. Akwatunan kore ne, da jan layi a gefe. Rubutun na Turanci ne, bai iya ba.

Akwai wari kuma. Ba ɗoyi ba ne, wani ƙamshi-ƙamshi ne mai hawa kai. Da rana idan kwano ya ɗau zafi har tsakar gidanmu yake shigowa. Ina zaton shi ne yake sa wa Inna ciwon kai. Na mayar da Sakinatu ɗakina, amma Inna ta ce ita a ɗakin nan aka kawo ta amarya, a nan ta haifi 'ya'yanta, ba akwatin da zai tashe ta.

Ka san yadda garinmu yake, gida na jikin gida, rumbu na jikin rumbu. Inuwar siton ita ce inuwa mafi faɗi a unguwar. A nan maƙwabciyarmu Maryam take suyar ƙosai, a nan yara suke wasa idan an taso daga makaranta.

Ka ba ni amsa da wuri, don Allah.

Rahmatu

*

Bariki
Fabrairu, 1985

Rahmatu,

Salamu alaikum. Muna lafiya, ina fata kuna lafiya. Saƙonki ya iso.

Ba ni da lokacin dogon rubutu. Game da maƙwabcinku na bayan katanga, shawarata ita ce ku matsa. Ku matsa sosai, dukanku, har da mai gari. Kada ku jira zafi ya yi ƙarfi. Kada kowa ya sake hawa, kada kowa ya taɓa komai.

Ni ma zan yi abin da zan iya daga nan.

Uwaisu

*

Gawon Dabo
Maris, 1985

Yaya Uwaisu,

Assalamu alaikum. Muna gaishe ku da fatan alheri. Zafi ya sauko, ruwan rijiya ya ja baya, amma jiki lafiya.

Na gode da shawara. Na kai wa mai gari takardarka, Malam Tasi'u ya karanta a gaban dattawa. Kowa ya ce gaskiyarka, zama ba zai yi ba, sai an matsa wa hukuma. Kuma wallahi mun matsa.

Mai gari da Iliyasu da Malam Tasi'u suka je wurin hakimi. Hakimi ya tura su ofishin ƙaramar hukuma. A can aka ce musu wannan maganar soja ce, farar hula ba ya sa baki. Aka yi karo-karo aka haɗa musu kuɗin mota zuwa birni. Sun yini a ƙofar bariki cikin rana kafin a shigar da su wurin wani hafsa. Iliyasu ya ce mutumin bai yi musu wulaƙanci ba, har ruwa ya sa aka kawo musu. Ya saurare su tsaf, ya fita, ya jima, ya dawo ya ce, "Baba, ba mu da kaya a garinku."

Mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, da idona na ga an sauke su."

Ya ce, "Na bincika. Babu motarmu da ta je can, babu sojanmu da aka tura gadi."

Iliyasu ya ce, "To na wa ne, ranka ya daɗe?"

Sai hafsan ya juyo ya dube shi, ya tambaye shi sunansa da sunan mahaifinsa, ya rubuta. Ya ce, "Kai ne ka leƙa ciki?" Iliyasu ya ce shi ne. Ya ce, "To ka daina leƙe-leƙe."

Ba mu haƙura ba. Sun sake komawa, wannan karon ko ƙofa ba a bar su sun wuce ba. Malam Tasi'u ya rubuta wa gidan rediyo, ba mu ji an karanta ba. Yanzu ana shirin tura mata da yara wurin hakimi, wai ko kukanmu zai fi nasu shiga kunne.

Na roƙi Maryam ta ɗauke kaskonta daga jikin siton. Ta ce, "Rahmatu, a nan masu saye suka san ni. In na koma rana wa zai bi ni?" Ta dai ja murhun baya kaɗan. Da azahar kwanon siton yana ƙara shi kaɗai, ƙas, ƙas, kamar ana jifansa da tsakuwa. Iliyasu ya ce zafi ne kawai.

Ka gaya mana ofishin da ya rage mu je. Za mu ci gaba da matsawa kamar yadda ka ce.

Ƙanwarka,
Rahmatu

*

Afrilu, 1985

Rahmatu,

Salamu alaikum. Wannan ba ta gidan waya na aiko ta ba. Abdulƙadir direban motar goro ne zai kawo miki hannu da hannu. Kina gama karantawa ki sa ta a wuta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ba hukuma na ce ku matsa wa ba. Cewa na yi ku matsa daga wurin, ku tashi, ku bar garin! Ana buɗe mana wasiƙu a nan, shi ya sa na dunƙule maganar, na ɗauka za ki gane. Da na karanta amsarki sai na shiga neman wanda zai kawo miki wannan.

Ki saurare ni da kyau. Masu kama da kyandir nakiya ce mai fashewa. Idan ta tsufa ta fara wannan gumin, ba ta bukatar ashana. Zafi ya isa, ko akwati ya zame ya faɗo, ko ɓera ya bi ta kai. Ƙarafan kuma harsasan igwa ne. Idan ɗaya ya tashi duk za su tashi, kuma abin da Iliyasu ya kwatanta ya isa ya share unguwarku.

Babu wanda zai zo ya kwashe. Na tambayi direbobin da suka daɗe a aiki. Tsofaffin kaya ne tun na lokacin yaƙi, aka ba da kwangilar a kai su daji a lalata. An biya, an sa hannu cewa an lalata su, sai aka neme musu wurin ɓuya. Duk wanda ya yarda cewa suna garinku ya yarda cewa ƙarya aka yi. Shi ya sa hafsan ya ce muku ba su da kaya.

Na je wurin kyaftin ɗinmu na faɗa masa komai, har sunan gari. Bai ce min ƙarya nake ba. Tambayata ya yi wa na gaya wa bayan shi. Tun daga ranar aka karɓe makullin motata, aka ce in zauna a gida sai an neme ni.

Ku fita yau. Ku yi bukkoki a gona, can bayan fadama, inda ba a hango rufin siton. Inna Larai in ta ƙi, Iliyasu ya ɗauke ta a ka. Kada ku tsaya kwashe rumbu.

Allah Ya tsare ku. Ki yafe min gajeren rubutu.

Uwaisu

*

Bayan fadama, Gawon Dabo
Mayu, 1985

Yaya Uwaisu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni da Sakinatu muna raye.

Abdulƙadir ya kawo saƙonka. Ban ko sa mayafi ba na fita, gida gida nake shiga ina cewa a tashi. Wasu suka ji. Wasu suka ce wata nawa muna kwana da kayan nan ba abin da ya faru, yanzu da shuka ta matso za a ce mu bar rumbunanmu ga ɓarayi? Mai gari ya ce shi ba zai gudu ya bar gari ba tare da izinin hakimi ba, amma bai hana kowa ba. Kusan rabin unguwa muka fito, muka kafa bukkokin kara.

Iliyasu ya goyo Inna Larai har nan tana dukan bayansa. Ta kwana biyu tare da mu. Ranar Talata da hantsi na tafi ɗebo ruwa, na dawo ban gan ta ba. Sakinatu ta ce, "Ta ce za ta je ta ba kajinta tsaba ta dawo."

Na ajiye tulu na kama hanya. Ban kai tsakiyar fadama ba na ga haske, sannan ƙasa ta buga ni. Ban san yadda zan kwatanta maka ƙarar ba. Ba sau ɗaya ba ce, tashi take ta yi tana ƙarawa, ƙarafa suna wucewa ta sama suna kuka. Har la'asar ba mai iya kusantar gari. Kunnena na hagu bai dawo ba har yanzu.

Inna ta rasu. Maryam ta rasu da goyonta. Mai gari ya rasu a zaurensa, da matarsa, da jikokin Malam Tasi'u biyu, da wasu da ba ka sani ba. Inda siton yake rami ne yanzu. Gidanmu babu ko katanga, rumbuna sun ƙone da ɗan abin da ke cikinsu. Waɗanda gidajensu suka tsaya ma rufi ya yaye.

Washegari sojoji suka zo da yawa, suka kewaye wurin da igiya. Suka bi gonaki suna tsince ƙarafa, suka ce duk wanda aka samu da ko guntu ɗaya zai yi bayani. Da yamma muka ji a rediyo wai gobara ta tashi a wani ƙauye inda wasu suke ɓoye man fetur don sayarwa a bayan fage.

Sun tafi da Iliyasu. Da sunansa suka zo a rubuce, har da na mahaifinsa. Suka ce shi aka sha gani a kan rufin siton, shi ne mai man. Ko zaman makokin uwarsa bai gama ba. Malam Tasi'u ya bi sawu har birni, an ce masa ba a san inda aka kai shi ba.

Yaya, kai kaɗai ka san gaskiyar abin da ke cikin akwatunan nan, kuma kai soja ne, za a saurare ka. Na ƙone takardarka kamar yadda ka ce, ba ni da abin nunawa. Ka nemi izini ka zo, ko ka rubuta wa wani babba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, bukkar kara ba za ta riƙe ruwa ba, amma wannan duk mai sauƙi ne in dai Iliyasu ya fito. Kullum ina aika a duba min tasha ko ka sauka.

Rahmatu

*

Bariki
Mayu, 1985

Zuwa ga Yaya Rahmatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da mai gida da Inna da yara, da fatan kuna lafiya. Ni ce Hafsatu matar Kofur Uwaisu. Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma yana yawan zancenki. Wata maƙwabciyata ce take rubuta min, ni ban yi boko ba.

Tun ƙarshen watan jiya aka zo aka tafi da shi. Yana cin abinci suka shigo, ko hannu bai wanke ba. Suka birkice ɗakin, suka kwashe duk wasiƙun da kika aiko masa. Na je gadurum, inda ake tsare sojoji, an ce ba ya nan, na je ofis an ce an yi masa canjin wurin aiki, amma ba wanda ya faɗa min ina. Kakinsa da takalminsa duk suna nan a rataye. Ban san laifin da ya yi ba. Bai taɓa gaya min abin da kuke rubuta wa juna ba, na dai ga tun da zafi ya fara ba ya cin abinci sosai. Tun da aka tafi da shi ba a ba mu wasiƙa ko ɗaya ba, in kin aiko ba ta iso gare ni ba.

Yanzu an ce mu fita daga ɗakin kafin ƙarshen wata, za a ba wani. Iyayena sun rasu, gidan su Uwaisu na Kunci kuma kin san ya watse tun rasuwar mahaifinsa. Ambulan ɗinki ɗaya na tsinta a ƙarƙashin tabarma, a jikinta muka ga adireshi. Ba ni da wurin zuwa sai wurinki.

Mu biyar ne, ni da yara huɗu. Ba za mu takura muku ba. Ɗaki ɗaya ya ishe mu, in dai ba ya yoyo, saboda ƙirjin ƙaramin. Na iya surfe, na iya saƙa, manyan kuma za su taya mai gida aikin gona. Ina roƙon ya taimake ni da neman Uwaisu, tunda shi namiji ne, an ce kuma ya san hanyar ofisoshi a birni.

Na sayar da gado da keken ɗinki, mun sami motar da za ta kawo mu Kano, daga nan mu nemi ta Bagwai. In Allah Ya yarda za mu sauka ranar kasuwa ta farkon wata. Yaran ba su taɓa ganin ƙauye ba, sai murna suke yi. Don Allah ki sa mai gida ya tare mu a tasha, don ba mu san hanyar gidan ba.

Taki,
Hafsatu